Darasi: Yadda Za A Auna Ƙarar Injin Niƙa

Injin niƙa ya hutar da matanmu daga daka, mun gode wa Allah. Amma mu tuna da yaron da yake tsaye kusa da injin tun safe har yamma. Ƙara mai yawa tana lalata ƙananan jijiyoyi can cikin kunne, kuma in sun lalace ba su sāke tsirowa.

Ma'aunin Ƙara

Ana auna ƙara da ma'auni mai suna desibel. Hira tsakanin mutum biyu wajen desibel 60 ce. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ba da shawara kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 85 a cikin awa 8. In ƙara ta ƙaru da desibel 3, sai a rage lokacin da rabi:

Desibel 85, awa 8.
Desibel 88, awa 4.
Desibel 91, awa 2.
Desibel 94, awa 1.
Desibel 100, minti 15.

Yadda Ake Lissafi

A ɗauka kunne yana da mudu ɗaya kowace rana. Awa 2 a desibel 88 rabin mudu ne. Awa 1 a desibel 91 ma rabin mudu ne. In an haɗa su, mudu ya cika cikin awa 3 kawai. Saboda haka kada wani ya ce, “Ai sauran yinin shiru ne.” Minti 15 a desibel 100 ya isa ya cinye rabon yini ɗungum.

Abin Da Za Ku Yi

1. Ku nemi na'urar auna ƙara, ko wayar hannu mai manhajar awo. Ku riƙe ta daidai kunnen mai aikin yayinda injin yake niƙa. Ku rubuta lambar da tsawon lokacin.
2. In babu na'ura, ku tsaya taku ɗaya daga juna ku yi magana. In sai an ɗaga murya kafin a ji, ƙarar ta yi yawa.
3. A sa janareta a wajen ɗaki, a gyara salansa, a ɗaure ƙusoshin da suka saki.
4. Masu aiki su riƙa karɓeɓeniya, su sa matoshin kunne na roba. Auduga ba ta isa ba.
5. Mata masu goyo su jira nesa da injin.

Tambaya Domin Tattaunawa

In injin ikkilisiya ne ko na ƙungiyar mata, wa zai ɗauki alhakin kunnen yaron da aka sa aikin?