Godiyar Tsoho A Cikin Gidansa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Na bar fatauci, na jingine sandata,
Gyaran danga a yau shi ne ribata.
Na ɗinke guga, na ɗaure akuyata,
Na gode Allah, Ya biya bukatata.

Sharhi: Ya kai ɗan'uwa, wannan zancen dattijo ne da ya shekara yana kai doyar Salaga Bawku, ya komo da albasa, ya yada zango a Yendi. Yau ƙafa ta gaza. Da yawa in sun ajiye aiki sai su raina hidimar gida, baƙin ciki ya ci su. Wannan kuskure ne. Nana A'isha ta ba da labari cewa Annabi (S.A.W.) yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa, ya tatsi akuyarsa. To, wa ya fi shi daraja?

Dubi Salaga. Yaƙin 1892 ya watse kasuwarta, amma rijiyoyinta suna nan. Haka mumini: kasuwa takan tashi, godiya ba ta ƙafewa. A Suratu Ibrahim, aya ta 7, Allah Ya yi wa mai godiya alkawarin ƙari.

Allah Ya sa mu cika da imani, amin.