Yunwa, Talauci da Zazzaɓin Cizon Sauro a Jikin Ƙananan Yara

Kowane ɗalibin sakandare ya san cewa macen sauro nau'in Anofilis ce ke yaɗa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, al'amarin da Ronald Ross ya gano a ƙasar Indiya tun shekarar 1897. Abin da littattafan aji ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne dalilin da ya sa yara biyu za su kamu a unguwa ɗaya, cikin damina ɗaya, wannan ya miƙe bayan kwana uku, wancan kuwa ciwon ya kai shi kushewa. Tambayar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 cutar ta kashe mutum kusan 597,000, kuma kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗannan mace-mace a Nijeriya suka auku. A nahiyar Afirka, uku daga cikin kowane huɗu da suka rasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Shekarun yaye

Jariri yakan zo duniya da ɗan garkuwar da ya gada daga jinin mahaifiyarsa, wadda ke kare shi na wasu watanni. Daga wajen wata shida wannan kariya takan fara gushewa, alhali jikinsa bai gina tasa ba tukuna, domin garkuwar zazzaɓi ba ta samuwa sai bayan an sha kamuwa an warke. A daidai wannan tsakani ne kuma nonon uwa ke daina wadatar da shi, a soma haɗa masa da koko ko kunu. Idan kokon tsararo ne, babu gyaɗa, babu madara, babu mai, to, cikin yaro zai cika amma jikinsa bai sami abin gini ba.

A ƙasar Hausa akwai wani ƙarin nauyi. Watannin Agusta da Satumba, lokacin da kududdufai suka tumbatsa sauro ya yi yawa, su ne kuma watannin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sabon amfani bai gama nuna ba. Wato ke nan yunwa da zazzaɓi kan iske yaro a wata guda.

Shin yunwa na ƙara zazzaɓi?

Mai karatu zai ce amsar a fili take. Masana kuwa sun daɗe suna gardama a kai. A lokacin farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970, wani likita mai suna Murray da abokan aikinsa sun lura da wani abin mamaki a wani asibiti a gabashin Nijar: mutanen da yunwa ta galabaitar, da zarar sun sami abinci na 'yan kwanaki, sai zazzaɓi ya taso musu. Sun buga sakamakon a 1975. Bayanin da aka bayar shi ne, ƙwayar cutar, wato Plasmodium falciparum, ita ma mai rai ce, tana buƙatar abinci daga jinin wanda ta shiga, musamman sinadarin ƙarfe. Jikin da ya ƙeƙashe ba ya ciyar da ita sosai.

Daga nan wasu suka ɗauka cewa yunwa kariya ce. Wannan fahimta kuskure ce, kuma mai haɗari. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa ko da yaro mai tamowa bai fi sauran yawan kamuwa ba, idan ya kamu ya fi su kusa da mutuwa. Dalilan ba su da wuyar ganewa ga ɗalibin ilmin halittu. Ƙwayar cutar tana hayayyafa ne cikin jajayen ƙwayoyin jini, tana fasa su bayan kowace awa 48, saifa kuma tana kawar da wasu da dama, har da masu lafiya. Yaron da dama jininsa kaɗan ne ba shi da rarar da zai yi asara. Haka nan sukarin jininsa kan faɗi da sauri, domin hantarsa ba ta da ajiya. Wani abin takaici kuma, jikin mai tamowa sau da yawa ba ya yin zafi ko da cutar ta yi nisa, sai uwa ta zaci lafiya lau ne. Shi kuma zazzaɓin yana hana cin abinci, yana kawo amai, ya bar yaro ya fi da ramewa, damina mai zuwa ta same shi a haka.

Batun sinadarin ƙarfe ya sake tasowa a 2006, lokacin da aka bayyana sakamakon wani babban gwaji a tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya. An riƙa ba dubban ƙananan yara ƙwayar ƙarin jini kullum, sai aka ga yawan kwanciya asibiti ko mutuwa ya ƙaru da kimanin kashi 12 cikin ɗari a tsakaninsu, har aka dakatar da gwajin. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 shi ne a ba yara maganin ƙarin jini, amma a haɗa shi da rigakafi, gwaji da maganin zazzaɓi. Saboda haka sayo wa yaro kwalbar “maganin jini” a kemis, ba tare da an gwada shi ba, ba gata ba ne. Hanta, ƙwai, wake, zogale, kifi da manja ba su da wannan matsala. Ko shi kansa maganin zazzaɓin da aka fi bayarwa yau, artemeta da lumefantirin, ba ya shiga jini yadda ya kamata sai an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo.

Gida da aljihu

Binciken zazzaɓi na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59. Amma a Jihar Kebbi adadin ya kai 49, a Legas kuwa 3 kacal. Yanayi da fadamun shinkafa na da nasu rabo a wannan tazara, sai dai ba su kaɗai ba ne. Wani nazari da aka buga a 2013, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya gano cewa haɗarin kamuwar 'ya'yan matalauta ya kusa ninka na 'ya'yan masu hali sau biyu a wuri guda.

Ta ina talauci ke buɗe wa sauro ƙofa? Da farko ta gini. Anofilis da dare take cizo, a cikin ɗaki, kuma ta giɓin da ke tsakanin bango da rufi ta fi shigowa. Ɗakin da aka toshe wannan giɓi, aka sa wa tagoginsa raga, ya rage mata hanya. Ramin da aka haƙi ƙasar ginin ma yakan zama matattarar ruwa a bayan gida. A nan ya kamata a gyara wani zato: ba kwatami mai wari Anofilis ta fi so ba, wannan na sauron Kuleks ne. Ita ruwan sama mai ɗan tsabta da rana ke dukansa take nema, ko da na sawun kofaton saniya ne.

Mafi muni shi ne jinkiri. Zazzaɓin falsifarum na iya juyewa ya zama mai tsanani cikin awa 24, ya kawo taune-taune da suma. Gidan da ba kuɗin mota, ko wanda uwa ba ta da ikon fita sai maigida ya dawo daga gona, yakan fara da jiƙo, sa'an nan rabin magani daga kemis gwargwadon kuɗin hannu, asibiti sai a rana ta uku. Ilmin uwa na da tasiri a nan ƙwarai, domin ita ce ke fara ganin alamar. Bayan an sallamo yaron kuma, wataƙila an sayar da akuya ko an ci bashi a tsakiyar aikin noma, abincin gidan ya ƙara raguwa.

Aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a yankin da ke Jihar Jigawa a yau, ya yi feshin ɗakuna da rabon magani, cutar ta ragu matuƙa, amma da aka daina sai ta dawo. Tun 2012 an amince da ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina, kuma a watan Disamba 2024 Nijeriya ta fara allurar rigakafin zazzaɓi a jihohin Kebbi da Bayelsa. Dukansu suna rage cutar, ba sa kawar da ita; gidan sauro na nan da muhimmancinsa.

Malami na iya sa ɗalibansa su nemi adadin yaran da aka gwada aka sami zazzaɓi a asibitin garinsu wata-wata na shekara guda, su kuma tambayo farashin tiyar gero a waɗannan watanni, sa'an nan su zana duka biyun a takardar jadawali ɗaya su kwatanta.