Suna Ɗaya, Ayyuka Biyu: Matsalar Tafinta a Harshen C++

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe ya san cewa kalmar "gari", in an rubuta ta ita kaɗai, ba a sanin inda ta dosa. Sai an ce "ya shiga gari" ko "ta tankaɗe gari" sannan ma'ana ta fito. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda irin wannan harshen damo yake aukuwa a C++, harshen kwamfuta wanda Bjarne Stroustrup ya fara ginawa a Amurka a 1979, aka raɗa masa wannan suna a 1983.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Tafinta shi ne shirin da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Aiki kuwa ƙullin umarni ne mai suna, wanda ake miƙa wa abu ya sarrafa. C++ ya yarda ayyuka da dama su yi tarayya a suna ɗaya, muddin sun bambanta a nau'i ko yawan abin da suke karɓa. Idan aka kira sunan, tafinta yakan dubi abin da aka miƙa, ya zaɓi aikin da ya dace.

Akwai kuma mazubi, wato aikin da aka rubuta sau ɗaya aka bar gurbin nau'i a buɗe, sai lokacin amfani tafinta ya cike shi. Da irinsa Alexander Stepanov da Meng Lee suka gina taskar nan ta STL, wadda aka karɓa a 1994, ta shiga ƙa'idar harshen ta 1998.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

A cikin taskar akwai mazubi mai suna transform, wanda ke bin jerin abubuwa ɗaya bayan ɗaya yana gudanar da aikin da aka ba shi. Alal misali, mai son mayar da ƙananan haruffa manya zai miƙa masa toupper. To amma toupper biyu ne. Na kundin cctype lamba ɗaya yake karɓa. Na kundin locale kuwa yana karɓar harafi da bayanin tsarin rubutun yanki.

A nan ba kiran toupper aka yi ba, sunansa kawai aka miƙa, don haka babu abin da tafinta zai duba ya yi zaɓi. Shi kuma transform yana jiran nau'in abin da aka miƙa domin ya cike gurbinsa. Kowanne na jiran ɗan'uwansa ke nan. Tun da ba a yarda tafinta ya yi kintace ba, sai ya ƙi fassarar.

Abin da ya ƙara tsananta matsalar shi ne, wani kundi kan jawo wani a fakaice. Saboda haka rubutu ɗaya yana iya wucewa a wurin wani tafinta, ya cije a wurin wani.

4.0 Magani

Hanya ta farko ita ce amfani da static_cast a fayyace cewa aikin da ke karɓar lamba ɗaya, ya mayar da lamba, shi ake nufi. Ta biyu ta zo da ƙa'idar 2011, wato lamda: ɗan aiki marar suna da ake rubutawa nan take, a kira toupper a cikinsa da harafi ɗaya. Da an yi haka zaɓi ya sauƙaƙa, kuma lamda nau'i ɗaya tak gare shi. Ƙa'idar 2020 ta janye lamuni ga miƙa akasarin ayyukan taskar harshen da sunansu kai tsaye, don haka hanya ta biyu ta fi aminci.

5.0 Kammalawa

An ga cewa suna mai ɗauke da ayyuka biyu ba shi da nau'i sai muhalli ya ba shi, mazubi kuwa ba ya samar da muhallin. Wajibin mai rubutu ne ya gina wa sunan jimlar da za ta fito da ma'anarsa.