Gyaran Bango Kafin Shafe

Kowa ya zaga cikin Birnin Zariya bayan damina ya kan ga gidaje iri biyu. Wani shafensa yana nan garau, wani kuwa ya ɓaɓɓare kamar ɓawon itace. Sau da yawa farar ƙasa ɗaya aka shafa musu, ko fenti ɗaya. Bambancin yana ga aikin da aka yi wa bango tun ba a ɗauko abin shafe ba.

Maginan dā sun san wannan. Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), da ƙasa ya yi aikinsa. Ginin ƙasa kuwa ba shi da abokin gāba kamar ruwa. Yaɓe da shafe su ne rigarsa.

To, ya kai maigida, ga yadda za ka yi.

Da fari ka jira ruwa ya ɗauke, watau daga watan Nuwamba. Ka hau soro ka gyara indararo, gama in yana zuba a jikin bango, aikinka duka ya zama banza.

Sa'an nan ka bi bango kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji ya yi ƙara kamar ganga, tsohon yaɓe ya rabu da tubali. Ka kankare shi duka, ka share ƙura da gansakuka da ginin gara. Ka fi lura da bangon gabas, domin daga can hadari ya kan taso, shi ruwa ya fi duka.

Bayan wannan ka toshe kowace tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka ne. Ka yayyafa wa wurin ruwa kaɗan tukuna, don sabuwar ƙasa ta kama tsohuwa.

Sai yaɓe. Magina su kan kwaɓa ƙasa da makuba, watau ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki, domin tana hana ruwa ratsa bango. Kada ka ɗora siminti kawai bisa ƙasa. Ba su kama juna sosai, ruwa ya kan shiga tsakani, ya riƙa cin bango a ɓoye.

Daga nan sai haƙuri, har yaɓe ya bushe sarai. Kadan ka shafa fenti bisa danshi, laimar da ke ciki za ta nemi hanyar fita, fenti ya kumbura, ya fashe. Ka ga kuɗinka sun tafi, kuma damina ta tarar da bangonka tsirara.

In ya bushe, ka shafa sau biyu marar kauri, na fari ya bushe kafin na biyu. Ya fi sau ɗaya mai kauri ƙarko.

Tambayoyi

1. Don me a ke ƙwanƙwasa bango?
2. Mene ne amfanin makuba?
3. Me zai faru in an shafa fenti bisa danshi?