Zinaren da ke Cikin Jan Layin Gwajin Maleriya

Da zarar damina ta kankama a Yola, 'yar farar robar gwajin maleriya ba ta hutawa a shagunan kemis na Makama da Jimeta. A soki yatsa, a ɗiga jini a ƙaramin rami, a bi shi da ruwan gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya babu, layi biyu akwai. Da yawa suna zaton jan layin jinin mara lafiya ne ya taru, alhali zinare ne, an mayar da shi ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda in sun taru sukan yi ja.

Mai wannan rubutu ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma a ganinsa rashin sanin wannan ne ke sa ana wasa da gwajin.

Antibodi sinadari ne da garkuwar jiki ke ƙerawa, kowanne da abin da yake cafkewa shi kaɗai. Sai dai ido ba ya ganinsa. Dole a maƙala masa alama, kamar yadda mai sayen shanu a kasuwar Ngurore ke shafa wa nasa fenti don ya gane su cikin garke. Albert Coons ne ya fara a Amurka a 1941, da rini mai ƙyalli a ƙarƙashin madubin likita, kuma har yau da wannan dabara ake binciken ƙwaƙwalwar mahaukacin kare a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Rosalyn Yalow ta yi amfani da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, ta ci kyautar Nobel a 1977, amma hanyar na da haɗari da tsada.

A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Suwidin suka fito da ELISA, inda alamar ita ce enzayim mai sauya launin ruwa. Ana yin ta ne a faranti mai ramuka 96. Ka ga ramin da ke da cuta ya yi shuɗi, a ɗiga masa ruwan tsayarwa ya koma rawaya, na'ura ta auna kaurin launin. Da ita ake tantance jinin da aka bayar kyauta, ko yana da HIV ko ciwon hanta. Tana son firji da wuta da ƙwararre, shi ya sa wurinta manyan asibitoci, ba kemis ba.

Zinaren shi ne ya kai gwaji ƙauye. A cikin robar akwai siririyar takarda ɗauke da antibodi mai zinare a bushe. Ruwan gwaji ya jiƙa shi, sai antibodin ya cafke wani sinadari mai suna HRP2 da ƙwayar maleriyar falsifarum ke fitarwa, su tafi tare har inda aka dasa wani antibodin ya tare su. Taruwarsu ce layin da ke fitowa a wurin alamar T ta jikin robar. Layin C kuwa shaida ce cewa ruwan ya ratsa takardar. In bai fito ba, gwajin ya lalace, ko da layin T ya yi jajur.

To ga inda gizo ke saƙar. Zafi yana lalata antibodi. A jikin kwalayen gwajin da dama an rubuta kada a wuce digiri 30, wasu 40, ga shi a watannin Maris da Afrilu Yola kan haura 40. Mai rubutun ya sha ganin kwali a kan kanta, ƙarƙashin rufin kwano, rana na dukansa ta taga. Ya ga kuma wanda ruwan gwajinsa ya ƙare ya ɗiga ruwan allura, da wanda ya ɗauki ruwan wani kamfani ya zuba wa robar wani. Akwai mai barin gwaji ya tafi sallar Azahar, ya dawo bayan awa guda ya ga wani dishi-dishin layi, ya ce wa uwar yaro, “Hajiya, akwai maleriya kaɗan.” Bayan lokacin da kamfani ya ƙayyade, abin da ya bayyana ba sakamako ba ne. Amma layin da ya fito cikin lokaci, komai dishinsa, akwai ne.

Wani abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne sake gwaji bayan an gama shan magani. HRP2 na iya yin makonni a cikin jini bayan ƙwayoyin sun mutu, sai layi biyu ya sake fitowa, a ce magani bai yi ba, a koma allura. Wani a ɗora masa taifod da gwajin Widal, wanda shi ma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin maleriya, ba ta ce a mayar da robar ma'aunin warkewa ba. Wanda zazzaɓi bai sake shi ba bayan kwana uku na magani, ya nufi asibiti, kamar Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, a shafa jininsa a gilashi a duba da madubi, a kuma nemi wata cutar daban.