Daga Kwalkwali Zuwa Hular Kwano: Nazarin Suturar Mahayin Babur a Yankin Dagona

Gabatarwa

Aikin hutun da aka ba mu a darasin nazarin ma'ana shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi wani fanni na rayuwar garinsu, ya tattaro kalmomin da ake amfani da su a ciki, ya yi bayanin asalinsu. Abokan karatuna suka rarrabu, wasu ƙira, wasu jima, wasu su. Ni kuwa na ɗauki suturar masu hawa babur, na kuma yi aikin a Dagona da tashoshin Gashuwa da Nguru. Abin da ke tafe tsakure ne daga wannan aiki, tare da darasin da na koya a jikina kafin in koye shi a takarda.

Dagona ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe, cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Baƙi sun fi saninsa da tafkin da tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suke sauka a lokacin sanyi, wanda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. Badanci ne harshen cikin gida, amma Hausa ce harshen kasuwa da tasha da garejin bakanike, don haka kusan duk kalmomin babur da Hausa ake faɗarsu. Da zarar an bar kwaltar Nguru zuwa Gashuwa aka nausa cikin fadama, babur ne motar mutane. Shi ke kai kifi da shinkafa kasuwa, shi ke kai maras lafiya asibiti.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da jiharmu. Tun wajen 2012 aka hana hawa babur a Yobe saboda rikicin Boko Haram, sai a 2022 gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗage hanin a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Bade da Nguru. Ke nan akwai samari da yawa, irina, da suka girma ba su zauna da tsofaffin mahaya sun ga yadda ake yi ba. Mun koyi tuƙi cikin mako guda. Shirin hawa kuwa babu wanda ya koya mana.

A hunturun da ya biyo bayan ɗage hanin na faɗi. Na fito daga Gashuwa da yamma, sanye da jamfa da hula da silifas, akuya ta gitta, na taka birki a kan yashi. Ba gudu nake yi sosai ba, amma fatar tafin hannuna na dama ta saluɓe, farcen babban yatsan ƙafata ya fita, salansa kuma ta manna mini tambari a ƙwauri. Da kawuna ya zo duba ni, na ce masa, "Kawu, ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Ya dubi ƙafar ya ce, "Haka ne, yaro. Tsautsayi ne ya kayar da kai, amma ba shi ya zaɓa maka silifas ba. Ka taɓa ganin ɗan lifidi ya hau doki da silifas?" Wannan tambaya tasa ita ce ta zame mini ƙofar shiga nazarin.

Kalmomin doki da kalmomin babur

Mai karatu zai lura cewa babur ya gaji kalmomi da dama daga dabbar hawa da kuma daga jikin mutum. Hawa ake yi, sauka ake yi, mai shi mahayi ne, wanda aka ɗauka a baya kuwa goyo ne, kamar dai jariri a bayan uwa. Sunan abin hawan kansa aro ne. Masana suna danganta kalmar babur da Larabci, inda ake kiran injin da ke aiki da tururi da irin wannan suna, mashin kuwa daga Ingilishi ta zo. Abin lura shi ne, kalmomin kariya ba su biyo sauran ba. Barden da yana da kwalkwali a ka, da sulke a ƙirji, da lifidi wanda ake ɗinkawa a cusa masa auduga ya rufe mahayi da dokinsa. Duk waɗannan sun tsaya a hawan Salla, ba su sauko tasha ba.

A madadin kwalkwali sai muka sami hular kwano, harɗaɗɗen suna mai tsarin suna da mahaɗi da suna, irin su rigar ruwa da safar hannu. Asalinta hular ƙarfe ce ta soja, wadda ta yi kama da kwanon da aka kife. A ganina wannan suna ya yi mana illa, domin ya sa mutane suna zaton taurin bayan hular shi ne kariyar, saboda haka duk abin da ya yi kama da kwano ya wadatar. Shaida kuwa ita ce abin da ya faru a watan Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular. An ga 'yan acaɓa a Kano da wasu garuruwa sun kifa ƙwarya da tukunya da robar fenti a ka, labarin har ya kai kafofin watsa labarai na waje. Jama'a sun yi dariya, amma in aka bi ma'anar kalmar, mutanen nan ba su kauce mata da nisa ba.

Gaskiyar aikin hular ya fi kusa da na lifidi. Sassa huɗu gare ta. Akwai ɓawon waje mai tauri, wanda ke hana tsini shiga, yake kuma zamewa a kan kwalta. Ƙarƙashinsa akwai farin soso mai kauri, irin wanda ake samu cikin kwalin sabon firji ko talabijin, to shi ne uwa uba, domin shi ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugu kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kamar yadda audugar lifidi take kashe kaifin sara. Sai ƙyalle mai laushi da ke taɓa fata, sai maɗaurin haɓa. Hular da ba ta da wannan farin soso, kamar ta ma'aikatan gini wadda ake yawan gani a kan mahaya, ba hular babur ba ce. An yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba don kan da zai daki ƙasa da gudu ba.

Daga nan sharuɗɗan zaɓe suke fitowa da kansu. Idan za ka saya, ka zura yatsa ƙarƙashin ƙyallen ka tabbatar da soson. Ka duba ko akwai alamar gwaji, ECE ta ƙasashen Turai ko DOT ta Amurka, kodayake alamar kaɗai ba hujja ba ce tunda ana buga ta jabu. Hular da ka ji ta sakayau kamar ludayin duma ka ajiye ta. Ka sa ta ka girgiza kai: in tana yawo ta yi maka yawa. Ka ɗaure haɓa yadda yatsa biyu kawai za su shiga, don hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. Sannan soson nan sau ɗaya yake aiki. In hula ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama yayi, ko da bayanta yana ƙyalli, shi ya sa hular gwanjo take da haɗari, ba ka san tarihinta ba. Wani babban nazari da aka fitar a 2008, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta kafa hujja da shi, ya nuna hular tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Launi ma yana da tasiri. Binciken da aka yi a ƙasar New Zealand aka buga a 2004 ya gano masu farar hula sun fi masu baƙa tsira daga karo da kusan kashi 24 cikin 100, saboda an fi hango su. A ƙasarmu mai zafi farar ta ƙara da cewa ba ta ɗaukar rana kamar baƙa.

Sutura da lokutan shekara

Bahaushe ya kasa shekara zuwa damina da kaka da rani da bazara, a cikin rani kuma akwai hunturu ko ɗari. Hular kwano ba ta da lokaci, amma sauran kaya suna bin waɗannan lokuta.

Bazara ce ta fi wahalar sha'ani a wajenmu, inda zafi yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. A nan ne mahayi yake tuɓe komai ya bar singileti, yana ganin iska za ta sanyaya shi. Kuskure ne. Matuƙar iskar ta fi fatar jiki zafi, to dafa mutum take yi, tana kuma busar da gumi tun bai yi aikinsa ba. Dubi Buzu a cikin hamada, rufe jikinsa yake yi ruf, ba don bai san zafi ba. Abin da ya dace shi ne riga mai dogon hannu ta auduga mai ɗan kauri, fara ko mai haske, da dogon wando irin jins. A guji yadin roba, domin in aka ja jiki a kwalta narkewa yake yi ya manne wa ciwo. A jiƙa ƙyalle a naɗa a wuya, a riƙe gorar ruwa a sha tun ba a ji ƙishi ba. Ba sai na tunatar da mutumin Gashuwa yadda ciwon ƙoda ya addabi yankinmu ba, bai kamata a bar jiki ya yi ta bushewa a kan hanya ba.

Hunturu kuwa matsalarsa biyu ce, sanyi da ƙura. Sanyin asuba da mai tafiya a ƙasa yake jurewa da mayafi, a kan babur ninkuwa yake yi, yatsu su sandare har kama birki ya gagara. Riguna biyu ko uku marasa kauri, da jaket mai tare iska a sama, sun fi ƙatuwar riga ɗaya, don in rana ta ɗaga sai a rage. Jaket ɗin fata ya fi kowanne jure gurzar ƙasa, ana kuma dace da shi a wajen 'yan gwanjo, musamman a Ƙofar Wambai ta Kano. Maganin ƙura a da shi ne amawali, wato ɓangaren rawani da ake ja a rufe baki da hanci. Yau mahaya sun fi cewa takunkumi. Wannan kalma abar sha'awa ce ga ɗalibin ma'ana: a da dabba ake sa wa takunkumi don kada ta ci amfanin gona ko ta yi cizo, daga baya 'yan jarida suka ara wa matakin da ake ƙaƙaba wa ƙasa, sai annobar korona ta 2020 ta mayar da ita ƙyallen da mutum yake sa wa kansa da hannunsa. Ido ma yana son kariya, ko gilashin hular ko tabarau, amma baƙin tabarau a cikin hazo ko bayan magariba makanta ce.

Da damina hanyoyin fadama sukan koma taɓo, wasu su yanke gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Rigar ruwa mai riga da wando ta fi doguwar nan mai kama da alkyabba, wadda iska ke hurawa, gefenta kuma yana neman taya. Takalmin roba dogo yana hana jiƙewa, sai dai santsi gare shi a kan birki. Kaka ba ta da wani hukunci na daban, illa ƙwarin yamma da ke tasowa daga ruwa. Wanda ƙwaro ya taɓa faɗa wa a ido yana tsakiyar gudu ya san amfanin gilashi.

Abu biyu ne ba na sassautawa a kowane lokaci, saboda a nan na sha wuya: hannu da ƙafa. Duk wanda zai faɗi hannu yake fara kai wa ƙasa, ba da shawararsa ba. Safar hannu ta fata, ko da irin ta masu walda ce in ta zauna daidai, da ta cece ni daga makonnin da na yi ban iya riƙe biro ba. Takalmi kuma ya zama sau-ciki mai rufe idon sawu, a cusa igiyarsa ciki don kada ta kama giya.

Sai maganar tufafinmu na gida, wadda littattafan Turawa ba su san da ita ba. Babbar riga da gyale da dogon hijabi da bakin zane duk suna iya shiga cikin sarƙa ko wayoyin tayar baya, in kuwa gyalen yana naɗe a wuya, abin ba ya da daɗin faɗa. Ba cewa nake a daina sa su ba. Mai babbar riga ya naɗe ta ya zauna a kanta, ko ya ninke ta a jaka sai ya isa. Mace ta tattara mayafinta a cinya ta riƙe, mai tuƙi kuma ya waiwaya ya duba kafin ya tayar. Ni yanzu ko Inna na ɗauka sai na ce, "Inna, a tattara zanen tukuna," tana faɗa tana cewa na cika tsirfa, amma tana tattarawa.

A cikin kalmomin da na tattara akwai gurbi guda da ya rage. Abin da ake ɗaurawa a gwiwa da gwiwar hannu, mai tauri a waje da soso a ciki, mahayan da na zanta da su ba su da suna tsayayye gare shi, sai dai su ce abin gwiwa. Na gwada musu lifidin gwiwa a wata majalisa a Gashuwa. Samarin suka tuntsire da dariya, ɗaya ya tambaye ni mene ne lifidi. Wani dattijo mai gyaran taya da ke gefe ne ya ajiye famfonsa ya shiga yi musu bayani, har da kwatanta yadda ake cusa audugar. Na shigar da kalmar cikin jerin da na miƙa wa malaminmu, ya ja layi a ƙarƙashinta da jan biro, ya rubuta a gefe cewa in koma tashar bayan shekara guda in ji ko ta kama baki.