Tseren Mota da Aljihun Ɗan Makaranta

Ga wata wasiƙa daga wani matashi ɗan shekara 16 a Tudun Wada. Ya ce ransa na son tseren mota, amma mahaifinsa manomi ne, ta ina zai fara?

To ƙanena, ba dai a titin Kano zuwa Jos ba. Masu gwada gudu a kwanonin dajin Falgore ganganci suke yi, kuma hukumar kiyaye haɗurra ba za ta ba ka lasisi ba sai ka cika 18.

Manyan direbobin duniya da 'yar ƙurƙurar mota suke farawa, wadda ake kira kat: kujera ɗaya, ƙananan tayoyi huɗu, gindinka kamar zai taɓa ƙasa. Lewis Hamilton na Ingila, zakaran Formula 1 sau 7, yana ɗan shekara 8 ya hau ta, kuma ta hannu mahaifinsa ya saya masa, yana haɗa aiki biyu uku don ya biya. Abin da zai ba ka mamaki, yawancin kat na haya da injin Honda GX suke tafiya, dangin wanda masu noman rani ke jan ruwa da shi a ƙasan madatsar Tiga. Ka san ƙararsa, wataƙila ma ka taɓa wanke masa fulogi.

Don haka ni gareji zan tura ka. Nemi izinin Baba, ka kama wani ƙwararren bakanike a garinku ko a Kwanar Ɗangora, kana zuwa bayan an tashi makaranta. Ka iya kwance kafireta, ka gane birki, ka saba da mai walda. Kuɗin tsere a gyara yake ƙarewa, mai gyara da hannunsa kuwa ya rage rabin wahala. Daga nan ku haɗa kai ku huɗu ko biyar, ku yi adashi, ku nemo kayan gwanjo a Ƙofar Ruwa ku ƙera kat ɗinku. Hular kwano fa sabuwa za ku saya, ban yarda da ta hannu ba. Gwaji kuma sai a fili killatacce, da sanin mai unguwa, da babba a tsaye.

Kada ka raina wasan kwamfuta ma. Jann Mardenborough ta wasan Gran Turismo ya ci gasa a 2011, kamfanin Nissan ya ɗauke shi direba na gaske.

Ka sake rubuto mana in injin ya tashi.